Daga Sakkwato Zuwa Santambul: Yadda Mai Son Zane da Ƙira Zai Kafa Zama

Ɗan kasuwar da ya je Santambul sari ba shi da wata doguwar matsala. Ya sauka Laleli, unguwar masu sari, ya ɗaure kayansa, ya ba 'yan kargo, ya dawo gida. Wanda ke cikin haɗari shi ne mai ido: baduku, mai ɗinkin hula da aska takwas, ɗalibin zanen gine-gine, mai zane a kwamfuta, ko wanda kawai ba ya iya wuce ƙofa mai kyau bai tsaya ba. Irin wannan mutum garin kansa ne ke jan sa. Cikin mako ɗaya ya kama gidan da ya yi kyau a hoto, ya sayi fitila da darduma da tayil, kafin hunturu ya shigo kuɗi sun ƙare, bango ya yi baƙi da fumfuna, takardar zama kuma ba ta fito ba.

Dalilin a fili yake. Idon Basakkwace rana da fari ne suka horar da shi. A gida abin nema inuwa ne da iska da bango mai kauri, saboda zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40. Santambul kuwa garin danshi ne da sanyi da gajeren yini, kusan duk abin da ka sani game da ɗaki mai daɗin zama sai ka juya shi. Don haka a kwana arba'in na farko kada ka sayi komai na ado. Takarda tukuna, sai gida, sai kallo, aljihu ya zo daga ƙarshe.

Abin da za ka ɗauko daga gida

Hanya mafi sauƙi ita ce daga filin jirgin Sultan Abubakar III zuwa Abuja, daga nan jirgin Turkish Airlines ya kai ka kai tsaye. Agogon Turkiyya yana gaba da namu da awa biyu duk shekara.

Wutar lantarkin ƙasashen biyu ƙarfinta ɗaya, bolt 230, saboda haka kwamfutarka da injin ɗinkinka ba sa buƙatar taransifoma. Bakin soket ne ya bambanta: namu ƙafa uku masu kusurwa, nasu ƙafa biyu zagayayyu. Maimakon sayen adafta biyar, ɗauko doguwar soket ɗaya mai baki huɗu daga gida, ka sa mai gyaran wuta a can ya canza mata kai. Ka tabbata ya haɗa wayar ƙasa, kada ya bar ta a sake.

Ka zo da shaidar aikinka a hannu, ba a waya kaɗai ba. Fatar jar akuya biyu ko uku da aka jeme da bagaruwa, ɗaya a rine da karan dafi, ɗaya a bar ta da launinta, hula biyu masu aikin hannu, ƙyallen saƙi, shafi ɗaya na zayyanar allo ko ta Alƙur'ani rubutun hannu na zamanin nan. Waɗannan ba don ƙawata ɗaki ba ne, su ne mabuɗin shagunan masu sana'a, za a zo kan wannan. Ɗanyar fata da ba a jeme ba kada ta shiga jaka. Kilishi ma haka, domin Turkiyya ba ta yarda fasinja ya shigo da nama ba. Kilishin ci ya tsaya gida, kilishin shimfiɗa kuwa can za ka tarar da shi har ka gaji.

Takardu

Biza ta shigar da kai ne kawai. Abin da ke ba ka zama shi ne katin da suke kira ikamet, wanda hukumar shige da fice, Göç İdaresi, ke bayarwa. Ana cike buƙatar a shafinsu na e-ikamet, kuma dole ka cike kafin kwanakin bizarka su ƙare. Za a nemi fasfo, hotuna masu farin baya, inshorar lafiya, shaidar inda kake zaune, da shaidar dalilin zamanka. Tun daga 2022 samun ikamet da sunan yawon buɗe ido ya yi wuya ƙwarai, don haka ka zo da dalili mai ƙarfi tun daga gida: gurbin karatu, ko aikin da kamfani ya nema maka izininsa. Ikamet shi kaɗai ba izinin aiki ba ne. Wanda aka kama yana aiki ko yana sayar da kaya ba tare da izinin aiki ba, tara ce, wani lokaci har da kora.

A kwana biyun farko ka karɓi lambar haraji, vergi numarası. Kyauta ce, da fasfo kawai ake samu a ofishin haraji ko ta intanet, kuma da ita ake buɗe asusun banki da biyan kuɗin ikamet. Duk takardar makaranta da ka zo da ita, sai tafinta mai rantsuwa ya juya ta zuwa Turkanci, ofishin noter, mai tabbatar da takardu a hukumance, ya buga hatimi, kafin ta yi aiki.

Wayar da ka shigo da ita za ta yi aiki da layin Turkiyya na kwana 120, daga nan a toshe ta sai ka yi mata rajista. Kuɗin rajistar yakan fi kuɗin wayar kanta, kuma yana ƙaruwa kowane Janairu. Abin yi shi ne ka sayi ƙaramar waya a can don layinsu, taka ta gida ka bar ta don hoto da intanet ɗin gida.

Gida: nan ne ake faɗuwa

Kafin ka kalli ko da hoto ɗaya, ka san cewa ba kowace shiya ce baƙo zai iya yin rajistar zama a cikinta ba. A 2022 hukuma ta rufe duk unguwar da baƙi suka haura kashi 20 cikin 100 na mazaunanta, an kuma rufe gundumomi sukutum kamar Fatih da Esenyurt ga sababbin masu neman ikamet, in ban da wasu rukunan mutane da aka keɓe. To, Fatih ita ce tsohon birni. Balat mai gidaje kala-kala da kowa ke ɗauka a hoto tana cikinta, haka Aksaray da Kumkapı inda 'yan Afirka suka yi yawa. Jerin yana canzawa, saboda haka ka duba sunan unguwar a shafin Göç İdaresi kafin ko sisinka ya fita. Dillali ba zai gaya maka ba, la'adarsa yake nema.

Ana tallan haya a Sahibinden da tagogin dillalai, waɗanda ake kira emlakçı. Ka koyi karanta tallan. Idan an rubuta 2+1, ɗakin kwana biyu ne da falo ɗaya. Brüt faɗin gida ne haɗe da bango da rabonka na matakala, net shi ne inda ƙafarka za ta taka, shi za ka tambaya. Eşyalı na nufin da kayan ɗaki. Aidat kuɗin hidimar bene ne da ake biya kowane wata bayan haya, a manyan rukunan gidaje masu maigadi yana da nauyi. Kalmomin da za ka guje wa su ne bodrum da kot: ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa ko ƙasa da titi. Bahçe katı, wato hawa mai lambu, sunan yana da daɗi amma sau da yawa rabin ɗakin a binne yake. Basakkwace zai shiga irin wannan ɗaki a watan Agusta, ya ji sanyi kamar na soro, ya ce ya dace. A watan Janairu bangon zai riƙa zufa.

Kalmar da za ka nema ita ce güney cephe, tagar da ke kallon kudu. Sakkwato tana kan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, rana kusan a tsakar ka take wucewa yawancin shekara. Santambul tana kan digiri 41, da hunturu rana ƙasa-ƙasa take bi ta kudu, ɗakin da ke kallon arewa ba zai gan ta ba har bazara. A ƙarshen Disamba yinin bai fi awa tara da 'yan mintoci ba, kuma rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas na safe. Ga mai aikin launi, wannan ba zancen jin daɗi ba ne, zancen ko zai iya aiki ne ko ba zai iya ba. Je ka ga gidan da hantsi, ka buɗe kamfas ɗin wayarka ka tsaya a bakin taga. Tun da ka buɗe shi, duba alƙibla: a can kudu maso gabas take, ba gabas ba, ka ga inda shimfiɗar salla za ta zauna kafin ka yanke inda gado da tebur za su tsaya.

Sai ka bi gidan da hanci da tafin hannu. Shaƙi cikin kabad ɗin kicin na ƙarƙashin famfo. Taɓa kusurwar bangon da ke kallon waje, musamman bayan labule. Sabon fenti a kusurwa ɗaya tak alama ce ta an rufe fumfuna. Dubi gilashin taga: mai ninki biyu ake so, idan ka ga raɓa a tsakanin gilasan biyu, ya lalace. Tambayi abin ɗumama gida. Mafi yawa kombi ne, ƙaramin injin gas a bango da ke tura ruwan zafi cikin ƙarafan ɗumama na kowane ɗaki. Sa a kunna shi a gabanka. Allurar matsin ruwansa ta tsaya tsakanin 1 da 1.5 idan yana sanyi. Ƙarfen da ƙasansa ya yi zafi samansa ya ƙi, iska ce ta taru, ana sace ta da ɗan mabuɗi a gefe, ba wani abu ba ne. Wanda samansa ya yi zafi ƙasansa ya ƙi kuwa, laka ce ta cika shi, wanki yake so, kuma gara mai gida ya yi kafin ka tare.

Tambayi shekarar ginin. Santambul na kusa da layin girgizar ƙasa, kuma girgizar 17 ga Agustan 1999 ita ce ma'aunin da kowa ke amfani da shi: ginin bayanta ko na gabanta. An sabunta dokar gini a 2007 da 2018. Tsohon bene mai rufi mai tsawo da tayil ɗin ƙasa na da, wanda shi ne zai sace zuciyar mai son ƙira, shi ne ya fi buƙatar tambaya. Leƙa hawan ƙasa, idan ka ga ginshiƙi ya fashe ƙarfe ya yi tsatsa a waje, ko an sare ginshiƙi don faɗaɗa shago, fita kawai.

Lissafin kuɗin tarewa ka yi shi da watanni, ba da lira ba, domin darajarta ba ta tsayawa. Hayar wata ɗaya, kuɗin ajiya na wata ɗaya ko biyu (doka ta hana ya wuce na wata uku), la'adar dillali ta wata ɗaya da harajin kashi 20 a kanta, sai ajiyar wuta da gas da ruwa. Ka riƙe kuɗin wata huɗu zuwa biyar. Yarjejeniyar a yi ta a noter da mai gidan na ainihi, ka ga takardar mallakarsa, tapu, sunan ya yi daidai da katinsa. Karɓi lambar inshorar girgizar ƙasa, DASK, domin da ita ake juya mita zuwa sunanka a İSKİ na ruwa da İGDAŞ na gas. Akwai wata takarda, tahliye taahhütnamesi, alkawarin tashi daga gida a rana kaza. Wasu kan miƙo ta ba kwanan wata su ce sa hannu kawai. Wanda ya sa, ya ba mai gida wuƙa da nama. Haya ka biya ta banki, ka rubuta kira da sunan watan. Ranar karɓar mabuɗi ka ɗauki bidiyon kowane bango da kowace tsaga, shi ne zai dawo maka da kuɗin ajiyarka. Duk lokacin da ka canza gida kana da kwanakin aiki 20 ka sanar da sabon adireshi.

Shirya ɗaki

Watan farko katifa, tebur, kujera ɗaya mai kyau, fitila da labule sun isa. Sayi tef ɗin awo na mita biyar ka zana taswirar gidan a takarda: tsawon kowane bango, faɗin ƙofa, inda soket da ƙarfen ɗumama suke, da lanƙwasar matakala. A tsofaffin benaye doguwar kujera kan ƙi hawa, sai an kira masu ɗaukar kaya da injin da ke shigar da su ta taga, kuɗi na daban ke nan. Katifar mutum ɗaya yawanci 90 da 190 ce, ta biyu 150 ko 160 da 200, zanen gadon da ka zo da shi daga gida mai yiwuwa ba zai zauna ba. Teburin aiki tsayin santimita 72 zuwa 75 ya dace, a ajiye shi haske na shigowa ta hagu ga mai rubutu da dama.

Kayan hannu ana samun su a shagunan spotçu na kowace unguwa. Sabo kuwa akwai IKEA, da manyan kasuwannin kayan ɗaki, Modoko a ɓangaren Asiya da Masko a ɓangaren Turai. Tsohon katako ka juya shi ka duba ƙananan ramuka da garin itace, alamar ƙwaro na ciki.

Fitila ta fi kujera muhimmanci. Farin ƙwai mai lambar launin haske 6500 da muka saba da shi a gida, a ƙarƙashin sararin hunturu mai toka-toka yana mayar da ɗaki kamar asibiti. Wurin zama ka sa 2700 zuwa 3000. Teburin aiki 4000 zuwa 5000, ka duba kwalin a rubuce CRI 90 ko sama, wato ma'aunin yadda fitila ke nuna launi na gaskiya, in ba haka ba jan karan dafi zai fito maka kamar ƙasa-ƙasa, ka haɗa launi da dare ka wayi gari ka ga ba shi ba ne.

Yanzu maganar fata, wadda ita ce asarar da ta fi ciwo. A Sakkwato gafaka ko matashin fata sai su shekara goma a rataye ba abin da ya same su sai ƙura. A Santambul mako uku a cikin rufaffen kabad ya isa su yi furfurar fumfuna, warin jima kuma ya taso. Sayi ɗan ma'aunin danshi, nem ölçer, ka riƙe ɗakin ƙasa da kashi 60. Buɗe tagogi gaba ɗaya minti goma safe da yamma ko da ana sanyi. Barin taga a ɗan buɗe duk yini sanyaya bango kawai yake yi. Kabad da gado su bar tazarar yatsa huɗu daga bangon waje. Kada ka shanya wanki a ɗakin da fata take, kada ka ajiye ta a leda, nannaɗe ta a farin ƙyallen auduga. Idan fumfunar ta riga ta kama, fitar da ita baranda, goge da busasshen buroshi, sannan ka shafa ruwan kal da aka sirka da ruwa rabi da rabi, bayan ka gwada a ɓoyayyen gefe domin rinin gargajiya na iya zuba. Ta bushe a inuwa. Kada ka ɗora ta a kan ƙarfen ɗumama, za ta ƙandare ta tsage, ƙwarya ma haka take fashewa. Baƙin rini mai shuni kuma kada ya jingina da farin bango, zai bar tabon da za a cire a kuɗin ajiyarka.

Kafin ka huda bango nemi yardar mai gida a rubuce. Yawancin bangon jan bulo ne mai rami ko farin bulo mara nauyi, kowanne da irin robar ƙusarsa, dübel. Ɗauki hoton ramin ka kai wa mai shagon kayan gini na unguwa, nalbur, ya zaɓa maka. Kada ka huda a saitin soket sama ko ƙasa, nan waya ke bi. Doguwar kanta a ɗaure ta da bango, kuma kada wani abu mai nauyi ya rataya saman gado.

Koyon garin da ƙafa

Sayi İstanbulkart, da shi ake hawa bas, jirgin ƙasa da jirgin fito. Layi biyu sun ishe ka farawa. T1 na bi ta Karaköy, Eminönü, Sultanahmet, Beyazıt, Laleli har Zeytinburnu. M2 na bi ta Vezneciler, Şişhane, Taksim da Osmanbey. Karatun sunayen ba wuya ga Bahaushe: ç ɗinsu shi ne c namu, c ɗinsu j ne, ş kuwa sh. Cami, wato masallaci, jami ake faɗa. Za ka ji kalmomin da Larabci ya raba mana tare: kalem alƙalami, makas almakashi, kubbe ƙubba. Wani abin lura, idan ka ce Daular Usmaniyya a can, tasu za su fahimta, sai ka ƙara da cewa ta Shehu Ɗanfodiyo kake nufi.

Musulmi yana da gata a nan: manyan ayyukan gini masallatai ne, shiga kyauta, kuma lokacin da aka tsayar da 'yan yawon buɗe ido a ƙofa kai kana ciki. Yi azahar ka zauna. Riƙe ɗan littafin zane da fensir, a kowane gini ka zana abu uku kawai: shimfiɗarsa, yadda rufi ya sauka kan bango, da ƙaramin abu ɗaya. Hoto ɗari ba ya koyar da abin da zane ɗaya ke koyarwa.

Fara da Süleymaniye, masallacin da Mimar Sinan, babban maginin daularsu, ya gina tsakanin 1550 da 1557. Ƙubbar ta kai tsayin mita 53. Tambayar da za ka riƙe ita ce wadda maginan gargajiyarmu suka sha fama da ita: yaya ake rufe fili mai faɗi ba tare da cika shi da ginshiƙai ba? Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa fiye da kusan mita biyu, shi ya sa suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga. Sinan da dutse ya amsa, ya sauke nauyin babbar ƙubba kan rabin ƙubbobi da manyan bakuna huɗu. Bi nauyin da ido daga sama har ƙasa. A saman ƙofar shiga akwai ɗakin da iska ke kai hayaƙin fitilu, ana kankare baƙin a yi tawada da ƙaro. Duk almajirin da ya taɓa dafa tawada zai gane wannan ba sai an yi masa bayani ba.

Gangara zuwa masallacin Rüstem Paşa a Eminönü, wanda ke ɓoye a saman shaguna, ana hawa ta 'yar matakala. Tayil ɗin İznik ne tun daga ƙasa, wato na garin da ya shahara da tayil mai zanen hannu. Tsaya a gefe ka kalli jan, za ka ga ya ɗan taso sama da sauran launukan. Da ka ga wannan, ba mai sayar maka da bugun inji da sunan İznik. Gidan tarihin Türk ve İslam Eserleri a Sultanahmet shi ne makarantar darduma. Na zamani kuwa, ga masallacin Şakirin a Üsküdar na 2009, wanda mace, Zeynep Fadıllıoğlu, ta tsara cikinsa, da Sancaklar na Emre Arolat a Büyükçekmece, wanda aka nutsar cikin tudu, ba ado sai haske da ke sauka a bangon alƙibla. Yana da nisa, amma wanda ya tashi a cikin soro shi ya fi cancanta ya je.

Wurin zama a yi aiki kyauta: ɗakin karatun SALT Galata a tsohon ginin bankin Usmaniyya, mai tarin littattafan gini da zane, da ɗakin karatun Rami da aka buɗe a 2023 a tsohon barikin soja. İstanbul Modern ya koma sabon gininsa na Renzo Piano a shekarar. Yawancin irin waɗannan wurare Litinin a rufe suke, fadar Topkapı Talata, babbar kasuwar Kapalıçarşı kuma Lahadi.

Shiga wurin masu sana'a

Kamar yadda kasuwar Sakkwato take layi-layi, haka garin nan yake, sai dai layin unguwa ce guda. Fitilu a Şişhane, ƙarfe da ƙusa da kayan aiki a Perşembe Pazarı na Karaköy, fata a Zeytinburnu (majemar kanta ta tashi daga Kazlıçeşme ta koma Tuzla a shekarun 1990), yadin labule da na kujera a İMÇ na Unkapanı, ginin 1967 da ya cancanci kallo don kansa. Tsofaffin kaya a Çukurcuma da Horhor, da kasuwar Feriköy ranar Lahadi. Toptan sari ne, perakende sayen ɗai-ɗai, tambayi wanne shagon ke yi kafin ka sa a sauko da kaya.

Tsarinsu irin namu ne: çırak yaron shago, kalfa wanda ya ƙware bai buɗe nasa ba, usta maigida. Idan ka shiga ka ce kolay gelsin, daidai da sannu da aiki. Ka kira shi usta, malamin rubutu kuwa hocam. An miƙo shayi, karɓi. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton aikinsa ba izini, satar fasali ce a wurinsu kuma ba sa mantawa. Zuwan farko ka sayi ɗan abu ka tafi. A na biyu ka fito da fatar jar akuyar ka miƙa masa ba dogon bayani. Zai murza ta, ya ja, ya shaƙa, ya tambayi da me aka jeme ta. Nan za ka gaya masa cewa wani kaso na fatar da Turawa suka daɗe suna kira ta Maroko daga ƙasar Hausa take, ta Sahara ta bi. Daga ranar ka tashi daga mai saye ka koma ɗan sana'a.

Idan za ka ba da aiki, kai zane mai awo da milimita da samfurin launi a hannu. Biya kaso ɗaya cikin uku, ka nemi a yi guda ɗaya ka gani kafin sauran, ku rubuta ranar karɓa a saƙon waya. Olur, wato zai yiwu, tana fita da sauƙi kamar yadda tela ke cewa gobe ana jajiberin salla.

Mai son koyo a tsare, hukumar birnin na da İSMEK, azuzuwan kyauta tun 1996, har da hat, wato ƙawataccen rubutun Larabci, adon zinariya na tezhip, zanen kan ruwa na ebru da aikin fata. Da Turkanci ake koyarwa kuma ana neman lambar da ke kan ikamet. Caferağa Medresesi kusa da Ayasofya, ita ma ginin Sinan, tana koyar da irin waɗannan da kuɗi. Wanda hannunsa ya saba da rubutun allo ya shirya komawa farko, domin yankan alƙalaminsu da ma'aunin harafi da ɗigo daban ne, malami na iya riƙe ka watanni a kan haruffa ɗai-ɗai.

Bayan kwana arba'in, in ka ga dama sayi dardumar. Juya bayanta: ta hannu ƙullinta na fitowa ɗaya-ɗaya ba daidai cif ba, gezarta kuma zaren jikinta ne, ta inji ɗinka mata geza ake yi. Goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle ka ga ko rini na zuba. In an ce siliki ce, nemi zare ɗaya a ƙona: siliki warin gashi yake yi ya dunƙule, auduga warin takarda. Duk abin da ka saya mai kamar ya tsufa, karɓi rasit, fatura, mai bayanin abin da shekarunsa. Dokar Turkiyya mai lamba 2863 ta hana fitar da kayan tarihi, kuma an sha tsare matafiya a filin jirgi kan tsohon kwabo ko ɗan dutsen da suka tsinta a kango. In akwai shakka, mai shagon ya kawo takardar gidan tarihi da ke nuna ana iya fita da shi. Tayil ɗin da za a aika Sakkwato ta kargo a jera shi a tsaye kamar littattafai, kwali tsakanin kowane biyu, a ƙara guda ɗaya a kan kowane goma saboda hanyar mota daga Legas ko Kano.